Yadda Za Ka Ba Surukinka Maki Arba'in da Ɗaya Ka Kwana Lafiya

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin za ka zama gwarzon wasan ƙwallon Amurka na kwamfuta a gidan surukanka, kuma sunanka zai kai garuruwan da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Ni Lamont Beasley na garin Akron na gwada da kaina bara, har yau ana zancena a jihar Alabama, wurin dangin matata.

Ga yadda abin yake a wurinmu. Duk Ranar Godiya, bikin da iyali ke haɗuwa a ƙarshen Nuwamba, da an gama cin talotalo, sai mu gangara ɗakin ƙasa a gidan Baba Otis Pruitt, mahaifin matata Yolanda. Ni da ƙaninta Darnell kowa ya haɗa ƙungiya a cikin wasan da sunayen 'yan gida. Makin da aka ba ni shi aka ba shi, kowa ya raba wa 'yan wasansa yadda ya ga dama, daga sifiri zuwa casa'in da tara. Wanda aka ci shi zai sa hular talotalo, mai ƙafafu biyu suna reto a kunne, a hoton iyali da ake bugawa a katin Kirsimeti a aika gida ɗari da arba'in. Shekara biyar Darnell ke sa ta, ni kuwa ina ajiye katunan a aljihun mota don in riƙa nuna masa. Ba ni da niyyar sa ta ko a mafarki.

Mataki na ɗaya: Fara da kanka

Naɗa kanka mai jifa, domin shi kyamara ke bi. Ƙarfin hannu, ba kanka casa'in da tara. Saiti, casa'in da tara. Gudu ma haka, ko da rabonka da gudu tun ranar da motar shara ta wuce ba ka fitar da kwandon ba. Kada ka ji kunya. Mai rabo ba ya manta bakinsa.

Mataki na biyu: Abin da ya rage ka watsa wa ƙattin gaba

Akwai ƙatti biyar da ke tsayawa gabanka suna tare masu zuwa kayar da kai kafin ka jefa ƙwallo. Ba mai sayen rigarsu, ba mai tafa musu. Za ka ga kowannensu yana da gurbi huɗu: ƙarfi, iya tarewa, saurin ƙafa, da lura. Wasu za su ce maka duk lokacin da aka fara, wasan yana gwada makin mai tarewa da na mai kawo hari, kuma tazarar da ke tsakani ita ke yanke ko kana da daƙiƙa uku ko ɗaya. Rabu da su. Irin mutanen nan ne masu karanta takardar da ke cikin kwali.

Mataki na uku: Sa surukinka a ƙarshen hagu

Wannan shi ne zuciyar darasin. Da hannun dama kake jifa, saboda haka hagu kake juya wa baya, ka ga ba sai ka riƙa ganinsa ba. Sannan ka tuna abin da ya yi maka. Ni dai a gidana, a gashin naman da ni na sayo, gaban maƙwabta, Baba Otis ya karɓe min cokalin juya nama ya ce, “Kawo, kafin ka kashe saniyar nan karo na biyu.” Na haɗiye na yi dariya, amma wata huɗu ina riƙe da ita.

Iya tarewa, na ba shi arba'in da ɗaya. Lura, talatin da takwas. Na rufe shafin kafin ya gama saukowa, don yana daɗewa a bene, gwiwarsa tana ƙara tun zamanin da ya yi shekara tara yana buga wannan gurbin a makaranta da ƙungiyar masana'antar taya. Idan naka surukin ma ya taɓa bugawa, kada hakan ya dame ka. Kwamfuta ba ta san tarihi ba.

Mataki na huɗu: Faɗi da mutunci

A nan ne za ka gane abokin karawarka ma yana da kai. Darnell bai ba kansa komai ba. Ya kwashe makinsa ya zuba wa mahaifiyarsa, Mama Loretta, 'yar shekara saba'in da biyu, shugabar mawaƙan coci, ya sa ta mai kawo hari ta wajen hagu, casa'in da bakwai.

Aka fara. Ban gama ɗaga hannu ba na gan ni a ƙasa, wani ƙato mai PRUITT a bayan riga yana rawa a kaina.

“Wane ne wannan?” in ji Mama Loretta daga kujera, farantin kek ɗin dankali a cinyarta.

“Ke ce, Mama.”

“To madalla. Otis, ta gabanka fa na wuce.”

“Na gani,” in ji Baba.

Kafin hutun rabin lokaci ta kayar da ni sau bakwai. Hannuna na casa'in da tara bai jefa ƙwallo ta bar shi ba sai sau uku. Darnell ya ɗauko hular ya ɗora a kan talabijin, ya ce, “Yaya Lamont, ka fara sabawa da ita da ido. Ƙafar hagun tana ɗan ƙaiƙayi a kunne, amma bayan shekara biyu za ka daina ji.”

Idan haka ta same ka, gyara zama, ka ce kana nazarin dabararsu ne.

Mataki na biyar: Nemo mai laifi

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fara da abin latsawa, ka ce batir ya yi sanyi. In an canza batir, ka ce masu ƙera wasan sun lalata shi bana. In wannan ma bai ci ba, ka yi abin da na yi, ka nuna allo ka ce, “Ai wancan na hagun ne ba ya tare ko ƙuda.”

Baba Otis ya ajiye kofinsa.

“Darnell, buɗe min shafin nan na lambobi.”

“Baba, ai ba sai an…” na fara.

“Buɗe.”

Ya sa tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya karanta a hankali kamar takardar asibiti. Arba'in da ɗaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

“Shekara tara na tsaya a wurin nan,” ya ce. “Ba a taɓa kiran sunana a lasifika ba sai ranar da na yi kuskure. Na ɗauka na huta da wannan.”

Yolanda ta dube ni daga bakin bene. “Ranar da ka zo neman aurena da aron kwat, kawunnaina huɗu suka yi maka caa, wa ya tsaya a gabanka? Faɗa min lambarsa a ranar.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ni mutum ne da ya taɓa faɗawa cikin kwamin baftisma da waya a aljihu. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nawa na gina shi daidai tsawona, a bayana.

Mataki na shida: Gyara, amma a makare

Na roƙi Darnell ya bar ni in sake rabo. Ya ce ba komai, muddin jimilla ba ta ƙaru ba. Babu inda zan samo maki sai a jikina. Na yanki hannu, na yanki saiti, na zubar da gudun gaba ɗaya, har Baba ya kai casa'in da biyu, ni na koma arba'in da takwas.

Aka dawo. Mama Loretta ta taho da gudu ta ci karo da mijinta ta tsaya cak. Daƙiƙa uku, huɗu, biyar, ba wanda ya taɓa ni. Da na so da na sha shayi. Na duba, na zaɓa, na jefa. Ƙwallo ta tashi tana layi kamar agwagwar da aka harba, ta sauka a hannun 'yan wasan Darnell. Haka ta yi har sau huɗu.

Baba Otis kuwa ya miƙe tsaye da gwiwar tasa, yana nuna allo. “Loretta, ina kike? Zo mana. Hanya a buɗe take.”

“Ka bari mu hau sama,” in ji ta.

Aka tashi Darnell na da talatin da ɗaya, ni goma. Baba Otis ya dafa kafaɗata yana share hawayen dariya ya ce, “Ni dai na tare maka kowa, ɗana. Kai ne ban san yadda zan tare maka ba.”

Gargaɗi

Ni Lamont ban ɗauki alhakin komai ba: ko sanyin da za ka gani a fuskar matarka, ko raguwar kason kek ɗinka, ko kiran da za ka sha daga Alabama. Na yi maka alkawarin suna, ban ce wane iri ba. In katin ya iso gidanku, ni ne mai hular. Dattijon da ke hagu da ni, wanda ya riƙe ƙafar talotalon don kada ta rufe min fuska, shi ne casa'in da biyu.