Mun Yi wa Turre Askin Sifaniya

Jama'a, yau da safe na sha ƙasa a ƙofar gidanmu. Ba irin faɗuwar da mutum zai miƙe ya karkaɗe wando ya wuce ba. Ƙafafuna biyu ne suka tashi sama lokaci guda, hulata ta yi gabas, ni na yi yamma, ga kuma kare rungume a ƙirjina sanye da rigar sanyina. Mutanen da ke jiran bas, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara kamar masu gaba yadda muka saba, duk suka ɗaga kai suna nazarin gajimare don kada in ji kunya. Ina yi musu godiya, sun nuna tarbiyya.

Na san za ku tambaya me ya haɗa kare da rigata, kuma don me nake ɗauke da shi alhali ƙafarsa huɗu, tawa biyu. Ku gyara zama, abin yana da tushe.

Ita ƙanƙarar da ta kayar da ni, bisa ƙa'ida bai kamata a ce tana wurin ba. Lokacin zaɓe, Mai Girma Sarkin Share Hanya ya tsaya a dandali ya yi rantsuwa cewa zai binne bututun ruwan zafi a gefen kowane titi, har tsofaffi su riƙa zuwa kanti da silifa a tsakiyar Janairu. Mun yi layi mun saurare shi, don ana raba bokiti kyauta a wurin, kuma ba a haifi ɗan Finland ɗin da zai ga layin bokitin kyauta ya wuce ba. Bokiti dai na samu, ja, mai ƙwari, ba ni da abin cewa a kansa. Aikin bututu kuwa an kafa masa allo a kan wani dogon ƙarfe daidai ƙofar gidanmu, har da hoton wata tsohuwa tana murmushi cikin silifa. Allon na nan. Motar share hanya kuma tana zuwa a kan kari, ta kwashe dusar ƙanƙarar titi ta jibge mana a bakin ƙofa, direban ya ɗaga mini hannu ya wuce.

Ranar da takardar kuɗin wuta ta zo, matata Sirkka ta karanta ta a tsaye, sannan ta nemi kujera.

"Reijo, mu bar ƙasar nan," in ji ta.

"Mu je ina?"

"Inda rana ke fitowa ba sai an roƙe ta ba. Sifaniya. Tunda ka yi ritaya daga tuƙin bas kake kukan gwiwa, ni kuma na gaji da biyan kuɗi don kawai kada in daskare a falona."

Ban yi musu ba. Ɗan abin da muka tara ba wani abin a zo a gani ba ne. Zai kai mu, ya kama mana ɗaki a wani ƙauye da ke nesa da teku inda haya ke da sauƙi, sauran kuma fansho ya ja da rarrafe. Sharaɗi ɗaya na kafa: inda Turre bai je ba, ba ni zuwa.

Turre shi ne karena. Jinsin masu kiwon barewar arewa ne, gashinsa ya fi katifarmu kauri, kuma ya tsufa. Shekarar da na ajiye aiki, gida ya yi mini shiru har na daina ganin dalilin tashi daga gado. Shi ne ya riƙa jan bargona da haƙori kowace safiya har sai na fita da shi. Ba zan bar shi a baya ba ko da za a ba ni Sifaniyar duka. Sirkka kuma tana da kyanwarta Sulo, wanda ba ya ganin kowa da gashi a gidan nan.

Abin da ya dame ni shi ne ko Turre zai iya da zafin can. To, mu nan idan ana son a san ƙarfin mutum a kan zafi, wuri ɗaya ake kai shi. Benenmu yana da sauna guda a ƙasa, ɗakin gumin da kowane gida ke da sa'arsa a mako, tamu Alhamis da yamma. Na rage wutar sosai, na shiga da su biyun. Sulo ya haye bencin sama ya miƙe kamar shi ya biya kuɗin ginin. Turre ya daure, yana kallona da ido irin na mai neman bayani, har zuwa lokacin da na ɗebo ruwa a jan bokitina na watsa wa zafafan duwatsun da ke kan murhun ludayi ɗaya. Tururi na tashi ya banke ƙofa, ya haye matakala, ya faɗa cikin tarin da motar gwamnati ta jibge mana. Hancinsa kawai ake gani. Na biyo shi da tawul a ƙugu, ina hayaƙi.

A nan na tarar da maƙwabcina Tauno riƙe da shebur. Mun fi shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa, kuma hirarmu ba ta wuce ya ce "Sanyi," in ce "Sanyi." Ran nan ya dubi hancin Turre, ya dube ni, ya buɗe baki.

"Gashi ne."

"Na'am?"

"Ya yi yawa. Aske shi."

Da na ba Sirkka labari ta ce rabon Tauno da doguwar magana haka tun ranar aurensa, don haka lallai akwai hikima a ciki.

Washegari na tafi ofishin da ake buga wa fasfon dabbobi hatimi a garinmu. Ni kaɗai ne a zauren, amma na ciri lamba na zauna, domin mu ba dabbobi ba ne. Matar da ke bayan gilashi ta gama shan kofinta, ta danna ƙararrawa, ta kira lambata tana waige-waige ko wani ne.

"Na kyanwa ya kammala," ta ce. "Na kare saura hatimin Babban Likita."

"Yaushe zai buga, ranki ya daɗe?"

"Mako mai zuwa. Ba fashi."

To, a nan ciwonmu yake. A wasu ƙasashen idan ma'aikaci ya ce mako mai zuwa, mutum dariya zai yi ya koma gida ya shuka itace. Mu kuwa yarda muke yi. An raine mu a kan cewa abin da aka faɗa ta bayan gilashi ya zauna. Saboda haka na sayi tikitin jirgi mafi araha, irin wanda ba a mayar da kuɗi ko sama za ta faɗo. Muka kwashi kayan sanyi kaf muka kai kasuwar gwanjo: manyan riguna, takalma masu ƙusa a ƙasa, bargon Turre, har da hitar da ke ɗumama mana falo. Kowa ya bar rigar sanyi ɗaya ta zuwa filin jirgi. Sannan na ari injin aski, na shimfiɗa jarida a kicin, na yi wa Turre tal-kwabo.

Jama'a, ashe duk shekarun nan gashi nake ciyarwa. Abin da ya fito daga ciki bai kai rabin karena ba, wata 'yar halitta ce mai siraran ƙafafu da manyan kunnuwa. Sulo ya shigo, bai gane shi ba, ya yi masa tsawa ya haye kan firiji. Gashin ya cika jan bokiti har yana zuba. Na ɗauka na tafi rumfar shara, na tsaya gaban durom-durom ɗin nan da aka jera mana, na takarda, na kwalba, na ƙarfe, na ragowar abinci, na kwali, ina tunanin wanne ne na gashin kare, don ba na son a yi taro a kaina. Sai ga Tauno. Ya leƙa bokitin, ya ce, "Kawo." Na ba shi, na ɗauka ya san durom ɗin da ban sani ba.

Mako ya zagayo na koma ofis. Na ciri lamba, na zauna, aka kira ni.

"Babban Likita ya yi tafiya," in ji matar.

"Allah Ya dawo da shi lafiya. Ina ya nufa?"

"Sifaniya."

Na ɗauka ba'a take yi, amma ba a ba'a a ofishin nan. Ta bayyana mini cewa manyan gari sun tafi ziyarar ƙaro ilimi, tawaga guda, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Sarkin Share Hanya. An lura cewa titunan can ba su da ƙanƙara ko kaɗan, shi ne suka je su gano sirrin. Babban Likita ya bi su don ya duba yadda abin ya shafi dabbobi.

"Mataimakinsa fa?"

"Shi ke riƙe masa jaka."

"Hatimin fa? Ko shi ma yana ƙaro ilimi?"

"Yana cikin jakar."

"Yaushe za su dawo?"

"In sun gama nazari. An ce aikin ya fi yadda aka zata zurfi." Ta ɗan sassauta murya. "Malam, ga shawara. Ku tafi da kyanwar. Karen ai ya tsufa, akwai gidan da ake ajiye irinsu."

Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba. Na miƙe, na ce "To," na sa hulata da ƙarfi, na fita ban yi godiya ba. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba ƙaramin rikici aka yi a ofishin nan ba.

Ni dai ina jinjina wa shugabanninmu. Ba kowa ne zai bar iyalinsa cikin sanyi ya je ya zauna bakin teku, rana na dukansa, don kawai ya gano abin da ya hana ruwa daskarewa a ƙasar da ake shan lemo daga bishiya a watan Disamba ba. Wannan sadaukarwa ce. Ina fata idan sun dawo za a kafa kwamiti ya duba ko rana na da hannu a lamarin.

Jirginmu ya tashi babu mu. A makon ne kuma sanyi ya sauko da gaske, irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Ga mu a gida ba hita, ba bargo, da kare tsirara. Turre ya dunƙule a lungu yana karkarwa, ya daina cin abinci, ko wutsiya ba ya kaɗawa. Na tsorata ƙwarai. Da hannuna na yi masa wannan aika-aika, shi kuma ko kallon zargi bai yi mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Ki ɗauki Sulo ki yi gaba," na ce wa Sirkka. "Abin da ya rage zai ishe ki wani tikitin. Mu za mu biyo baya."

Ta dube ni, ta dubi Turre. "Kai da ba ka san inda ake ajiye gishiri ba? Tashi ka je ka sayo mana hitarmu, tsohon banza."

Na koma kasuwar gwanjo na tarar da hitarmu, an goge ta, an ƙara mata kuɗi. Na saya. Tun ranar take kunne dare da rana a gaban Turre, kuɗin Sifaniya na tafiya kamfanin wuta a hankali, Sulo kuma ya tare wurin da ya fi ɗumi. Na tuɓe rigar sanyina na sa wa kare, na naɗe hannayen. Ƙafarsa ba ta iya taka ƙanƙara, don haka duk lokacin da zai zagaya sai in ɗauke shi. Takalmana masu ƙusa kuwa suna ƙafar wani mai rabo. Kun ji yadda aka yi na sha ƙasa yau.

Ina kwance ina tunanin ko in tashi ko in jira bazara, sai na ga takalman Tauno kusa da kunnena. Bai tambaye ni ko na ji ciwo ba, ya san iyakarsa. Jan bokitina ya ajiye a gefena. A ciki akwai wata riga mai kauri, ruwan toka da baƙi, mai kafar ƙafa huɗu da maɓallai ta wajen tumbi. Na shafa ta, na sansana, na gane ta.

"Tauno, wannan ai gashin Turre ne."

"Nasa ne."

"Kai ka kaɗa zaren? Kai ka saƙa?"

Ya kalli allon bututu. "Ni na ce a aske."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, ya ƙara da cewa, "Can in ya ji zafi, a cire." Daga nan ya shige gida, ina jin sai ya kwanta ya huta.

A nan kan ƙanƙara na cire wa Turre rigata na mayar masa da gashinsa, na ɓalla maɓallan. Ya tsaya cik. Ya girgiza jiki yadda ya saba, ya taka ƙafa ɗaya, ya taka ta biyu, wutsiyar nan da ta zama kamar igiya ta fara kaɗawa. Idona ya kawo ruwa, na bar masu jiran bas su ɗauka sanyi ne. Sirkka ta leƙo ta taga ta ce in shigo kafin in mutu a banza, kuma Sifaniya ba gudu za ta yi ba, duk ranar da hatimi ya dawo daga karatu za mu ga inda ragowar kuɗin zai kai mu, ko da rabin hanya ne.

Shi kuwa Turre, da ya ji ɗumi ya ratsa shi, sai ya taka da kansa har gindin ƙarfen allon nan, ya sansana, ya ɗaga ƙafa, ya saki fitsari. Tururi ya tashi, ƙanƙarar wurin ta narke kamar faɗin faranti, har ana ganin kwalta.

Don Allah in akwai mai lambar wayar tawagarmu, ya sanar da Mai Girma cewa kada ya gaggauta dawowa. Ruwan zafi ya fara gudana a gefen titinmu tun yau da safe, kuma ɗan kwangilar bai nemi ko bokiti ba.