Rasuwar Takalman Birkin Babur ɗin Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai cike da ƙujewa, Malam Wada manomin riɗi a Gadarif yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tagwayen takalman birkin babur ɗinsa, waɗanda makanikai ke kira gumash. Sun cika ranar Talata da hantsi, a gangaren wani kwari kan hanyar Simsim, suna bakin aiki.

Mamatan masu kawaici ne. Sun sha baƙar lakar damina, sun sha ƙurar rani, ba wanda ya taɓa jin ƙorafinsu. Su suka tsayar da Wada a gaban tarakta, da gaban jakin mai ruwa, da gaban surukinsa da ke tsallaka titi ba ya waiwaye. Wallahi da ba don su ba, da tuni an yi zaman makokin Wadan kansa.

Ciwon ajalin ya soma ne da ɗan "tsiii" in an taka su. Wada ya ce gaisuwa suke yi wa jama'a. Sai birkin ya fara nutsewa kafin ya kama, kukan ya koma "ƙarrr", ƙarfe na cin ƙarfe. Bakanikensa Usta Mato ya durƙusa ya leƙa, ya ce tsagin jikinsu ya shafe, sun fi kisra, gurasar dawan nan mai kamar takarda, siranta, a canza su yau ɗin nan. Wada ya ba shi amsar da kowane manomin Gadarif ke ba likita da tela da mai neman auren 'yarsa: sai bayan girbi. Daga nan ya koma taimaka musu da ƙafa, yana jan markub ɗinsa, takalmin fata, a ƙasa. Matarsa Atika ta rantse ba ta ƙara hawa.

To, riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, ƙwansonsa ya tsage ya zube. Masu yanka kuwa ƙa'idarsu ɗaya: fatur, abincin hantsi, ya iso kan lokaci, ko su ɗauki laujensu su tsallaka gonar wani. Ranar nan Wada ya makara. Ya ɗaure tukunyar asida, wato tuwon dawa, da miyar busasshen kifi a baya, ya murɗa babur iya murɗawa. Yana gangarowa kwarin, sai ga garken awaki sun cika hanya. Ya taka birki.

Shiru. Ko "tsiii" ɗin ma babu.

Wada ya ce duk rayuwarsa bai taɓa kewar wata ƙara kamar wannan lokacin ba. Ya sauke ƙafafu, markub ya yi nasa wuri, shi da babur suka ƙare cikin ƙaya. Awaki suka yi walimar asida. Kafin ya ɗingisa zuwa gona, masu yanka sun koma wajen maƙwabcinsa Mailafiya.

Mamatan sun bar faifan birki mai tsage-tsage a fuska, da markub ƙafa ɗaya, ɗan'uwansa har yanzu ana cigiya. Sun bar tukunya a lotse. Sun bar gonar riɗi a tsaye tana shirin zubewa, ita ce kuma abincin gidan na bana. Sun kuma bar Usta Mato, wanda ke tare duk mai wucewa yana faɗin ai ya faɗa.

Za a binne su a tarin ƙarafan bayan garejin Usta Mato. Zaman makoki ba a gida za a yi ba, a gonar Simsim ne, gobe daga an idar da asuba. Wada na roƙon masu ta'aziyya, don Allah, kowa ya zo da laujensa. Atika ce za ta kai fatur, a kan jaki, don shi in an ce ya tsaya yana tsayawa.