Ranar da Na Koya wa Motata Tsimin Mai

Ni malamin lissafi ne a Samaru, saboda haka da fetur ya yi tsada, na ga bai kamata a-kori-kurata ta fi ni wayo ba. Na kalli bidiyo biyu a waya, na sayi 'yar na'urar da ake jonawa da ƙwaƙwalwar mota, na rage man da take aika wa inji. Bakanikena, Oga Bitrus, ya ce, "Malam, ka bar ƙwaƙwalwar nan yadda masu ita suka yi ta." Na yi masa murmushin da nake yi wa ɗalibin da bai gane darasi ba.

Ranar Asabar aka ɗora mini kayan jeren ƙanwar matata daga Sabon Gari: gado, katifa, kwanuka, da gwaggonni huɗu a baya. Tun muna hanya nake yi musu bayanin kimiyya ta taga. Mai keke ya wuce mu, har da sallama. Da muka iso hawan Hanwa, motar ta yi tari sau biyu, ta tsaya cak.

Gwaggo Asabe ta sauko, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ce, "To, Injiniya, ina ake kamawa?" Haka suka tura motar suna sanye da anko, hannuwa da lalle, ina riƙe da sitiyari.

Man kuwa ya yi auki, wannan ba ƙarya.

Har yau in biki ya taso, sai Gwaggo ta bugo waya: "Injiniya, da motarka za mu? Mu ci tuwo mu ƙoshi tukuna?"