Allon Pampon Unguwarmu

Ko haƙorana duka sun zube, ba zan taɓa mantawa da allon nan ba. Kuskurena ƙarami ne: na saba yawo a garinmu Tchaké da littafin Ingilishi a hammata don ƴan mata su gani. Ban san tsofaffi ma suna kallo ba.

A hutun bara aka gyara mana pampon unguwa, irin wanda ake takawa da ƙafa. Masu aikin suka tafi suka bar wani allon ƙarfe a jikinsa. A sama rubutun Japan ne, kamar kaji sun yi dambe cikin toka, a ƙasa kuma layi uku na Ingilishi. Faransanci ko kalma ɗaya babu.

Nan fa zargi ya tashi. Baba Sha'aibu mai unguwa ya zagaya allon sau uku, ya ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Rubutun da ba a karanta maka ba, gonarka yake ci," in ji shi. "Ku kira mani yaron nan mai littafi."

(Makina a Ingilishi huɗu ne bisa ashirin. Biyu daga ciki na tausayi ne.)

Na tsaya gaban allo, na gane kalmar ruwa, sauran duk duhu. Sai na tuna bido shida, manyan jarkokin ruwa, da Inna take sa ni cikawa kowace safiya. Na yi gyaran murya.

"Baba, sun ce an hana ɗan lakwal, duk mai karatun boko, taka pampon nan. Karatu yana zubowa daga kai ya fita ta ƙafa."

"Ba maganar fili?"

"Babu, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kafa doka. Ranar nan yaran unguwa saura kaɗan su naɗa ni sarki.

Inna ce kawai ba ta gamsu ba. Ta riƙa kallona da wutsiyar ido, irin kallon da take yi wa mai awon gero a kasuwa. Bayan kwana biyu ta dawo daga pampo tana ɗingishi, ta ce, "Kai, sake faɗa mani abin da ke jikin allon." Na faɗa, har na ƙara da cewa an hana ɗan lakwal ɗaukar bido.

"Shekaranjiya babu wannan."

"Yana ƙasa-ƙasa, Inna."

"Ashe allon tsiro yake yi," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Ran Lahadi ina kwance ƙarƙashin itacen bedi aka ce in zo pampo. Na tarar da rabin unguwa, ga kuma Mushe Iliya, malaminmu na Ingilishi, da rigarsa ta coci. Inna ce ta tare shi a hanya da kwanon wake. 

Mushe ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan Ingilishin ma ba shi da lafiya, daga Japananci aka jawo shi da ƙarfi. Ga dai abin da ya ce: a taka da farin ciki. Ruwa abokin kowa ne, kada a ɓata masa rai. Mun gode da ƙafarku."

"Ina wurin ƴan lakwal, Mushe?" in ji Inna, murya a sanyaye.

"Wane ƴan lakwal?"

Duk kawuna suka juyo gare ni, har da na jakin da ke gefe. Na ce wataƙila yana cikin na Japan ɗin.

"Au, har Japananci kake ji?" Mushe ya cire tabarau. "Ni da nake fama da kai a kan ranakun mako?"

Mata suka bushe da dariya. Baba Sha'aibu bai yi ba, ya nuna pampo da sanda kawai.

Abin da na koya shi ne, in za ka fassara allo, fara duba ko uwarka na wurin. Ni na taka wa gidanmu da gidaje uku na maƙwabta ruwa har aka koma lakwal. Duk sanda na ɗaure fuska, Inna takan leƙo ta ce, "Da farin ciki, in ji mutanen Japan."