Nomau da Tumbin Yayansa

Ashiru, ajiye wayar nan. Lantana, sauke yaron ki matso. Kai ma Sabi'u, shigo sosai, ba a jin magana daga bakin ƙofa. Na tara ku ne don ubanku ya rantse Baffanku Nomau ba zai ƙara kwana a gidan nan ba, kuma kowannenku guntun labari ya ji. Ku ji shi ɗungurungum, sannan ku san abin yi.

Kun san Malam Barau, ubanku, dillalin hatsi ne tun kafin a haife ku, kuma tumbinsa shi ne rabin jarinsa. Manomi in ya shigo kasuwa da buhunan dawa, dillali mai ƙiba yake nema, don a ganinsa wanda ya ƙoshi ba zai gudu da kayan mutane ba. Shi kuwa Nomau, ƙaninsa, ya haura arba'in yana ɗakin zaure, kuma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Shi ne aka taɓa ce wa ya riƙe akuya kafin a dawo, aka wuce biki aka manta da shi, da yamma aka tarar da shi rungume da ita, akuyar ta gaji shi bai gaji ba.

Wata rana Nomau ya lura Yayansa na shanye moɗa ya nemi wata, kuma ba ya gama ciniki ɗaya sai ya zaga bayan rumfa. Ya bi shi ya duba, ya ga kiyashi ya yi cincirindo a inda ya tsuguna. Ya shigo gida a guje yana faɗi da ƙarfi, har maƙwabta suna ji. A ranar aka tura su asibiti, Malam na gunaguni a gaba, Nomau na riƙe masa buta a baya. Malamar asibiti ta huda yatsan Malam, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta dube shi daga wuya zuwa cinya.

"Baba, ciwon suga ne," in ji ta. "Abin da ka ci yana zama suga a jini, jini ya kai wa tsoka ta yi aiki da shi. To kitsen nan da ya taru a cikinka shi ke tare hanya, kamar a jibge buhuna a ƙofar sito. Sai sugan ya rasa mashiga, ya yi ta yawo a jini yana cin ido, yana cin ƙafa. Siriri ma yana kamuwa, amma kai in tumbin nan ya sauka ciwon zai yi sauƙi ƙwarai. Ga magani, kullum za ka sha."

"Tumbin ya sauka?" in ji Malam. "'Yata, kin san sana'ata kuwa?"

Da ta ga ba saurara zai yi ba, sai ta juya wajen Nomau. "Kai ƙaninsa ne? To na ba ka shi. In ya ci abinci kada ka bari ya zauna, ya tashi ya taka. Kwano ɗaya zai ci. Kuma ka riƙa duba ƙafarsa kullum."

Nomau ya ji kamar an naɗa masa rawani. Tunda yake ba a taɓa ba shi abin da ya fi akuya girma ba, yau ga shi an ba shi Yaya sukutum! Suna fita Malam ya damƙe masa hannu ya ce, "Maganar nan kada ta fita daga bakinka." Nomau ya sa tafi ya toshe bakin, haka ya shiga mota, haka ya sauka, idanunsa kawai ke dariya.

Wata rana aka yi suna a gidan liman. An baza tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun jeru, an kawo waina da miyar taushe. Nomau na tsaye a gefe yana ƙirga lomar Yayansa da ido. Malam na suɗe yatsa ya gyara zama zai jingina da bango, sai ya ji ƙasa na tafiya. Nomau ne ya kama bakin tabarma da hannu biyu yana ja, da Malam, da liman, da wani tsoho mai sanda, duk ya taho da su.

"Kai! Kai Nomau! Hauka kake?"

"Ka ci, Yaya. Tashi ka taka."

Liman ya mirgina gefe yana salati, yara suka kwashe da ihu. Malam ya miƙe don ya kama shi ya mara, Nomau ya ruga, Malam ya bi shi har bakin rafi yana haki. Da suka tsaya Nomau ya juyo fuska cike da murna ya ce, "Madalla, Yaya! Gobe ma haka za mu yi."

Wata rana kuma abin ya faɗa kan ciyayya. Kun san yadda suke yi, bayan magariba kowane maigida ya fito da kwanonsa ƙofar zaure, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Nomau ya tsaya ya ga hannun Yayansa ya fita daga tuwo ya shiga dambu, ya fita daga dambu yana nufin fate, hankalinsa ya tashi. Malama ta ce kwano ɗaya! Ya shiga gida ya ɗauko babban baho na wanki, kafin a ankara ya juye komai a ciki, tuwon dawa da miyar kuka, dambu, faten wake, har da furar Alhaji Cindo da aka ajiye gefe don a sha daga baya. Ya sa hannu ya gauraya, ya turo gaban Malam.

"Ga shi, Yaya, ya zama ɗaya. Ci iya cinka."

Ba wanda ya iya kai loma baki. Alhaji Cindo, wanda shi ma dillali ne kuma tumbinsa ya fi na ubanku, ya leƙa bahon ya ce, "Barau, wannan ko jakina sai an roƙe shi." Aka watse da yunwa. Kaji ne suka yi sallah washegari.

Wata rana wani babban mai saye ya zo daga birni da motar ɗaukar kaya. Malam na tsaye yana zuba masa dawa a tafi, ana ja ana sassautawa, ciniki ya kusa faɗawa. Sai Nomau ya tuna yau bai duba ƙafa ba. Ya kutsa ta tsakanin mutane da rarrafe, ya ɗaga ƙafar Malam sama kamar mai duba kofaton doki, ya zare takalmi, ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa tsakaninsu, ya shinshina.

"Suna nan duka, Yaya! Miƙo ɗayar!"

Baƙon ya ja da baya ya ce, "Lafiya?" Aka taru ana tambayar Nomau me yake nema a ƙafar mutum. Sai ya tuna an ce kada magana ta fita, ya sa hannun da ya gama shafa ƙafar ya toshe bakinsa. Daga ranar kasuwa ta samu abin taunawa.

Ana nan, tsakanin guje-guje da kwanon da aka rage da magani, sai riga ta fara yi wa Malam yawa. Ƙishirwar ta ragu, zaga bayan rumfa ya ragu, har ya ce allurar da ba ya iya gani yanzu yana ganin kafarta. Nomau kullum sai ya rungumi tumbin ya gwada, ran da yatsunsa suka haɗu ta baya sai da ya yi rawa a tsakar gida. Amma a kasuwa wani karatun ake yi. Aka ce Barau ya karye, tunani ne ke cin sa. Wasu suka ce wata muguwar cuta ce da ba a faɗi. Manoma suka riƙa wuce rumfarsa da jakuna suna sauke kaya wajen Alhaji Cindo.

Wata rana, jiya ke nan, ranar kasuwa, Malam ya dawo tun hantsi bai sayar da ko tiya ba. Ya ce a dama masa fura a zuba suga, a kawo waina da zuma, tumbinsa zai mayar. Nomau ya rungume ƙwaryar ya ƙi saki, hawaye na zuba.

"Yaya, zai ci maka ido! Zai ci maka ƙafa!"

"To me kake so, in mutu da yunwa ana yi min dariya? Je ka mana! Je ka sa mai shela ya faɗa wa duk kasuwa Barau na da ciwon suga! Je ka!"

Fuskar Nomau ta washe. An buɗe masa baki! Ya dire ƙwarya ya zura a guje ko takalmi babu. Ya samu Ɗankande mai shela, ya ja shi tsakiyar kasuwa, da ya ga yana jan magana sai ya fizge lasifikar.

"Jama'a! Yaya ya ce a faɗa muku yana da ciwon suga! Malamar asibiti ta ce kitse ne ya tare ƙofa, suga ya rasa mashiga! Mu muke sauke tumbin da kanmu, ni aka ba aikin! Ƙishirwa ta tafi, yatsu suna nan duka! Duk mai tumbi da yake yawan zagawa, ya duba kiyashi!"

Kasuwa ta ɓarke da surutu. Wani manomi ya ce, "Ashe ba karyewa ya yi ba!" Kafin azahar jakuna sun cika gaban rumfar ubanku, shi yana gida bai ma sani ba. Mutum nawa suka tare Nomau suna tambayar wace malama ce, kuma huda yatsan da zafi. Da la'asar sai ga Alhaji Cindo da kansa ya yi sallama a gidan nan, ya zauna, ya daɗe yana murza hula, sannan ya zaro ƙwayar magani daga aljihu, irin ta Malam sak.

"Tun bara nake ɓoyon ta, Barau," in ji shi. "A bayan buhu nake sha. In za ku taka gobe, ku biya min."

Amma kafin Alhaji Cindo ya zo, aikin gama ya gama. Labarin shela na isowa gida Malam ya tashi, ya nuna Nomau da yatsa ya ce, "Ka tona min asiri! Wallahi sai ka bar min gidana!" Nomau bai yi musu ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya ƙulle rigunansa, ya tsallaka dokin ƙofa, ya shimfiɗa a daidai wurin. Ya bar gida. Can yake tun jiya, kun wuce shi da za ku shigo. An kai masa abinci ya ci, ya ɗaga murya ta zaure yana cewa, "Matar Yaya, ya ci? To ce masa ya tashi ya taka!"

Ubanku kuwa yana ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ya san abin da shelar nan ta yi masa, don da safe an aiko masa rumfa ta cika, furar ma bai ƙara tambayarta ba. Kunya ce da rantsuwa suka riƙe shi. Na faɗa masa nawa, ban rage ba, na ce ya ciyar da miskinai ya yi kaffara ya shigo da ƙaninsa, ya ce in fita masa daga ɗaki.

To ga ku nan, ku uku, da girmanku da 'ya'yanku. Ko ku sa shi ya warware rantsuwar nan, ko ɗayanku ya bar aikinsa ya dawo ya tsare shi a kan kwano, don ni ba ya jin maganata. Kuma ku hanzarta, ga hadari ya haɗo ta gabas, Nomau kuwa ko ƙanƙara ake zubawa ba zai tsallako ba sai bakin da ya ce ya fita ya ce ya shigo. Ashiru, kai ne babba. Shige gaba.