Rasuwar Allon da ke Ɗauke da Sunan Yocasta

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika maƙil, Radhamés Peguero, mai shagon aski a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasan dakon rake a San Pedro de Macorís, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan wasa na gida da na ƙetare rasuwar allon kwamfutarsa. Ya cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku da kwata na rana, yana bakin aiki, yana da shekara goma sha tara a duniya. Mu maƙwabta ne muka rubuta a madadin mai gidan, domin tun ranar ko almakashi ya kasa riƙewa.

Marigayin ɗan tsohon yayi ne, mai ƙatuwar ƙeya, irin wanda sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga. Fari ne sa'ad da ya shigo gidan, man suya da iskar teku suka rina shi ya koma launin haƙorin mai shan taba. An shaide shi da haƙuri. Wutar garin nan da ake ɗaukewa ana kawowa yadda aka ga dama ta kashe firji biyu da fanka uku a gidan, shi ko gezau. Ya ga guguwa biyu, ya sha ɗigar rufi. In an kunna shi sai ya ce “tunnn”, gilashin ya yi rawa, sannan ya waye a hankali kamar dattijon da ba ya son a gaggauta shi.

Amma ba don haƙurinsa ake wannan kuka ba. Kowa a layin nan ya san dalili.

Yocasta, matar Radhamés, Allah ya jiƙanta, ita ta saye shi, kuma ita ce 'yar gem ɗin gidan, wato mai wasan yaƙi a kwamfuta. Tana suyar kifi da ayaba tana sayarwa ta taga, tsakanin kasko da kasko kuma tana yaƙi da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Da mai saye ya ƙwanƙwasa, sai ta bar wasan a shafin jira ta tafi. Shafi ɗaya, kullum, shekara da shekaru. Radhamés ya yi mita har ya gaji: “Baiwar Allah, ki kashe abin nan mana, wuta yake sha!” Ita kuma ta ce, “Kai dai je ka aske ƙeyar mutane, ka bar ni da tawa.” A haka sunanta da ke rubuce can sama a kusurwa ya ƙone a jikin gilashin. Duk abin da aka buɗe daga baya, in dai wurin ya yi haske, sai ka ga YOCASTA dishi-dishi a bayansa.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ta tafi da lambar sirrinta, babu mai iya shiga wasan da sunanta. Radhamés ya sha gwada ɗaukar rubutun a waya, hoton ba ya fitar da komai sai layuka baƙaƙe. Ke nan a duk duniya wuri ɗaya ya rage da sunan ke fitowa da kansa ba a kira shi ba, wato gilashin marigayin, shi ma sai yana kunne.

Abin da ya sa mai aski ɗan shekara hamsin da biyu ya koyi gem ke nan. Mu faɗi gaskiya tunda gidan makoki ne: bai iya ba. Yakan tsaya a fili a cikin wasan yana kallon sararin sama, domin a nan sunan ya fi fitowa, abokan gaba su yi ta harbinsa kamar an kafa musu gwangwani. Fefa, yayar marigayiya, wadda ke wasa tare da shi daga gidanta, ta sha yi masa ihu a kunne: “Rada, kana yaƙi ne ko kallon jirgi ka zo? Ƙanwata da hannu ɗaya take wannan, ɗayan yana juya kifi!”

Da wasan ya yi ta sabuntawa yana ƙara nauyi, hoton ya soma in'ina, ya tafi ya tsaya, ya tsallake. Radhamés ya kira amininsa Nelsido mai gyara. Nelsido ya buɗe cikin kwamfutar, ya hure ƙura, ya ce abu biyu ne, a zaɓi ɗaya: ko sabon allo, ko sabon katin hoto, wato abin nan da ke zana duk abin da allo ke nunawa.

“Ni dai allo na ce ka sake. Katin nan naka da sauransa, in aka rage masa kaya zai ja. Wannan tsohon ne ya gama nasa.”

“Kati zan saya.”

“Mutumina, ka taɓa ganin an ɗaura wa keke injin tirela? Katin yanzu ko ramin da za ka soka wayar wannan ba shi da shi, sai da adafta.”

“To a nemo adaftar.”

“Rada, na san abin da kake gani a ciki. Ni ma ina gani. Ka ajiye shi gefe ka riƙa kunnawa ranar tunawa da ita.”

“Sau ɗaya a shekara? Kai matarka sau ɗaya kake ganinta a shekara?”

Nelsido ya tashi ya tafi neman adaftar. Aka sayo kati, aka haɗa.

Jinya ta yi kwana goma sha ɗaya. Kwana huɗun farko kai ka ce an yi wa marigayin sabuwar haihuwa. Hoto ya tafi sumul, girgije na wucewa babu tangarɗa, sunan yana zaune daram a kansa. Radhamés ya rufe shago da rana tsaka ya zauna yana kallo, hawaye na zuba, bai ɓoye wa kowa ba. Rana ta biyar aka soma jin “tsiiii”, siririyar ƙara mai shiga haƙori. Sai gefen hoton ya fara tsukewa, fuskoki suka koma kore, ɗakin ya ɗauki ƙaurin ƙonannen gashi. Nelsido ya zo ya rage wa katin gudu, ya ce aikin gama ya riga ya gama, a kashe allon a bar shi ya huta. Radhamés ya ce to. Yana jin babur ɗin Nelsido ya sha kwana ya sake kunnawa.

Ranar Talata Radhamés yana tsaye a fili a cikin wasan kamar yadda ya saba, sai ya ji “ƙas”. Duniyar wasan ta haɗe ta zama farin layi ɗaya, layin ya dunƙule ya zama ɗigo. Ya ce ɗigon ya daɗe a tsakiyar gilashin, ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Ya kira sunanta sau biyu. Sannan allon ya mutu.

Ba wuta ce ta kashe shi ba, ba guguwa ba. Radhamés ya sani, kuma ya roƙa a rubuta haka: don kada ya rabu da shi ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Marigayin ya bar sabon katin hoto, wanda har yanzu in an kunna sai fankarsa ta yi ta juyi, yana zana duniya sukutum babu mai gani. Ya bar kibod, allon nan na latsa haruffa, da haruffa huɗu suka goge saboda yatsun mai suya. Ya bar kyanwar gidan, wadda a kan ƙeyarsa mai ɗumi take barci, yanzu takan hau ta sauko tana duban mutane. Ya bar Radhamés, wanda ya kai fitila da tocila da hasken rana gaban gilashin ta kowace kusurwa, bai ga komai a ciki ba sai fuskarsa.

Fefa ce ta zo ta same shi a haka. Ta lulluɓe gilashin da farin ƙyalle kamar yadda ake rufe madubi a gidan rasuwa, ta ajiye kofin ruwa a gabansa. Ta ce, “Ranar addu'ar kwana tara ta ƙanwata, da aka buɗe ƙofofi don a sallami ruhinta ya tafi, ka ɗauka ban gan ka ba? Ka sulale ɗaki ka kunna wannan. Shekara uku kana riƙe da zanenta. Wannan karon da hannunka za ka buɗe ƙofa.” Ya ce, “To, Yaya Fefa.”

Za a yi zaman kwana tara a gidan, daga ƙarfe huɗu na yamma. Akwai kofi da biskit. Masu wasan domino su taho da teburinsu, su kuma rage buga shi da ƙarfi. Ranar Alhamis ta sama da hantsi za a buɗe tagogi da ƙofofi, Radhamés da Nelsido su fito da mamacin ta ƙofar gaba. Ba za a ba da shi ga motar masu sayen tsohon ƙarfe ba. Za a kai shi shagon Nelsido, can saman kanta, a lulluɓe. Don Allah kada kowa ya ɗaga ƙyallen, kada kuma a zo ta'aziyya da tallar sabon allo.

Roƙo na ƙarshe ga duk wanda ya taɓa zama gaban marigayin ya ga sunan da idonsa: ya daure ya zo. Tun jiya Radhamés ke tambaya a wace kusurwa yake. Fefa ta ce hagu, Nelsido ya rantse dama ne, shi kuma da ya yi shekara uku yana kallonsa ya rufe ido ya kasa tunawa.