Zaren da Na Yanke a Dutsen Birai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da biri ya tona mini asiri a kan wani dutse a ƙasar Indiya ba. Ban saba ba da labarin nan da bakina ba. Malam ne mai ba da shi, kuma ya fi ni iyawa. Yanzu da ba ya nan, dole ya zama nawa.

Malam mijina ne. Malamin gona ne, ya yi shekaru yana zagaya Mainika da Madadi a kan babur yana duba gonakin mutane, har zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likitocin Kano suka ce aikin da za a yi masa sai an fita waje, aka ce ni zan raka shi. Ni kuwa iyakar tafiyata daga Gwarzo zuwa Kabo, garinmu, sai Kano idan ana biki. Firamare na gama, sai Islamiyya. Turancina bai wuce gaisuwa ba.

Ana gobe za mu tashi, Yaya Hanne ta zo takanas daga Kabo, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ki buɗe kunnenki da kyau," ta ce. "Mutanen nan kina ganin su a fim suna rawa, amma matsafa ne na gaske. Kada ki ci abin hannun kowa. Kada ki bar farcensa ko gashinsa a ƙasa. Duk wanda ya tambaye ki sunansa da na mahaifiyarsa, ki san da magana."

(Yaya Hanne ba ta taɓa wuce Zariya ba. Amma a lokacin maganarta ta shiga jikina kamar ta likita.)

A can muka kama ɗaki kusa da asibiti muna jiran ranar aiki. Mai gidan wata tsohuwa ce, Kamala, mijinta ya rasu, kanta fari fat, kullum da toka a goshi. Tana fama da ciwon gwiwa, idan za ta hau matakalar gidan sai ta dafa bango. Malam ya sa mata Inna Kamala. Tana jin Turanci, shi ma yana ji, sai su yi ta hira a kan shinkafa da taki, ni ina gefe ina kallon hannuwanta.

Kullum sai ta kawo mana abinci. Nakan karɓa da hannu biyu, in yi murmushi, tana fita in juye a leda.

"Mutuniyar Kabo," Malam ya ce mini wata rana, "abincin nan da kike zubarwa ko ƙamshinsa ya fi naki."

"To ka ci mana, tunda ka gaji da duniya."

Na faɗa, sai na ji maganar ta yi mini nauyi a baki. Shi kuwa dariya ya yi. A kwanakin nan idan ya je banɗaki ya dawo sai ya zauna ya huta kamar wanda ya yi noma. Ina ganin leɓensa yana canza kala. Tsoro ne fal a cikina, na rasa inda zan ajiye shi, sai na ɗora wa tsohuwar nan.

Da ranar aiki ta matso, sai ta same ni a bakin famfo ina wanki. Ta nuna ɗakinmu, ta yi magana, na tsinci kalmar da ke nufin suna. Sunan Malam take so. Ni ko babu zargi ba zan iya faɗin sunan mijina ba, ban taɓa faɗa ba tun da aka kai ni gidansa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cuɗa riga. Sai ta shige ɗaki ta tambaye shi da kanta. Ina ji ya faɗa mata sunansa cikakke. Ta sake tambaya, ya faɗa mata na mahaifiyarsa, har da ranar da aka haife shi.

Na shigo hannuna duk kumfa.

"Malam, me ka yi?"

"Suna ta tambaya, ba ƙoda ba."

"Har da na mahaifiyarka? Har da ranar haihuwa?"

"Ta ce gobe za ta hau dutsen can da ake hangowa ta taga, inda ɗakin ibadarsu yake. Ta ce ko za ki raka ta ki sha iska. Ki je don Allah. Kin zuba mini ido kamar tukunyar da ake jiran ta tafasa."

Na ce zan je. Shi ya ɗauka iska zan sha. Ni kuwa gadi zan je.

Da safe muka shiga ɗan sahu irin namu har gindin dutsen. Nan kowa yake cire takalmi ya bari. Na dubi tulin takalman nan, na tuna yadda ake yi a filin idi, na faki ido na cusa nawa a jaka. Muka fara hawa. Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutse, ta yi ta nannaɗewa kamar ba za ta ƙare ba, rana ta gasa ta. Inna Kamala na hawa tana tsayawa, tana dafa gwiwa, gumi na zuba. Ban kama mata hannu ba. Ina bayanta ina karanta Falaƙi da Nasi.

Birai ko'ina. A kan bango, a kan bishiya, wasu da 'ya'yansu manne a ciki, ba mai korar su. A rabin hanya ta nuna mini wani rami a jikin dutse mai kama da sawun ƙafa, amma ya fi turmi faɗi. An shafe shi da wani jan abu. Ta taɓa, ta taɓa goshinta. Na ce a raina, jini ne. (Hoda ce. A kasuwar gindin dutsen ake sayar da ita a faranti, na wuce ta da idona.)

A sama akwai fili, da ɗakin ibadar na dutse, da ƙararrawa a ƙofa wadda kowa ke bugawa. Iska mai sanyi, ana hango garin duka har asibitinmu. Ban shiga ba, kuma ba ta matsa mini ba. Daga bakin ƙofa na ga ta je wurin wani mutum marar riga mai riƙe da fitila. Ta ba shi kwakwa da furanni, ta yi magana. Ya ɗaga murya yana rera wani abu da yarensu, a tsakiyarsa na ji sunan Malam raɗau, na ji na mahaifiyarsa.

Ya miƙo mata zare ja da rawaya. Ta fito da shi, ta nufi wata tsohuwar bishiya a gefen filin, wadda zare ya rufe rassanta na ƙasa har ba a ganin ɓawo. Ta ɗaura, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, bakinta na motsi.

To ku gaya mini. Mace 'yar Kabo, wadda tun tana ƙarama take jin labarin masu tofi a ƙulli, ta ga an kira sunan mijinta da na uwarsa, an ƙulla zare an rataye a bishiya, ga shi jibi za a buɗe masa ƙirji. Me za ta ɗauka?

Inna Kamala ta yi mini alama in jira, ta shiga layin masu zagaya ɗakin. Tana ɓacewa na yi wurin bishiyar. Akwai reza a jakata, wadda nake yanke wa Malam farce da ita. Na ciro ta. Sai na tsaya. Reshen na gane, amma zaren duk iri ɗaya ne, ja da rawaya, sabo a kan sabo. Na yanke wanda na fi zato. Zuciyata ta ce, idan na kusa da shi ne fa? Na yanke shi ma. Daga nan ban san lokacin da na bi reshen nan daga tushe har ƙarshe ba. Na bar shi tas kamar kan jariri ranar suna. Na dunƙule zaren na tura a jaka, na ja zif, na koma inda aka bar ni na tsaya kamar mutuniyar kirki.

Wallahi da na tsira. Ba wanda ya gan ni sai wani ƙaton biri a kan bango, shi kuma a iya saninsa duk abin da mutum ya ɓoye a jaka da sauri abinci ne.

Ban ga saukowarsa ba, sai dai na ji an fizge jakar. Na yi salati da ƙarfi har kowa ya juyo. Ya koma kan bango ya zauna, ya buɗe zif ɗin nan da hannu kamar mutum. Ya ciro takalmina ɗaya ya shinshina, ya wurgo tsakiyar fili, wurin da ko yaro ba ya takawa da takalmi. Ya ciro ɗayan ya wurgo. Sannan ya zura hannu ya fara zaro zare. Yana zarowa yana watsarwa, iska na ɗauka tana zubawa a kan mutane. Ja da rawaya, kowanne da ƙullinsa, kowanne da yankan reza.

Aka daina buga ƙararrawa. Mutane suka dubi zaren, suka dubi reshen, suka dube ni. Ni kaɗai ce baƙar fata a wurin, cikin hijabi ruwan toka har ƙasa, babu inda zan ɓuya. Wasu maza suka fara ɗaga murya. Mai fitilar ya fito. Amma duk wannan bai dame ni kamar wata matashiyar mata ba, wadda ta durƙusa tana tsintar zaren ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa, tana kuka ba sauti.

Inna Kamala ta ratso mutane tana ɗingishi. Ta dubi ƙasa, ta dube ni. Na jira mari. Sai ta juya mini baya, ta tsaya tsakanina da su, ta haɗa tafin hannuwanta tana magana a hankali. Ban san me ta ce ba. Ta daɗe tana yi. Daga baya ta tattara zaren a bakin zanenta, ta tsinto mini takalmana da hannunta, muka sauko. A saukowar ce na kama mata hannu, ita kuma ba ta ƙwace ba.

A ɗaki ta zayyana wa Malam komai, shi kuma yana juya mini da Hausa. Ta ce a labarinsu, a zamanin da, an yi wani yaƙi aka ji wa ƙanin wani sarki rauni har ya kusa mutuwa. Maganinsa wani ganye ne da ke tsiro a kan wani dutse mai nisa. Aka aiki wani babban biri da suke girmamawa ya ɗebo. Sawun da ta nuna mini nasa ne, wai nan ya taka ya huta, wasu kuma sun ce dutsen da muka hau ɓangaren wancan dutsen ne da ya ɓalle ya faɗo a hanya. Shi ya sa masu majinyata suke hawa su ɗaura zare da sunan nasu, suna roƙon sauƙi. Ta ce ta yi wa mijinta, bai tashi ba, amma ba ta daina yi wa na wasu ba.

"Ɓangaren dutse kuma?" na tambaya, don in samu abin faɗa. "Ba ganye aka aike shi ba?"

Malam ya tambaye ta. Ta amsa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Ta ce da ya isa can bai gane ganyen ba, duk iri ɗaya ne. Sai ya ciccibo dutsen gaba ɗaya." Ya share hawaye. "Mutuniyar Kabo, ashe 'yan'uwanki kika je gaisarwa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka ruɗe ni da ita muna ba shi ruwa. Na daɗe ban ji dariyarsa irin wannan ba.

Da ya lafa na ce ya tambaye ta matar da ke kuka. Ta ce 'yarta ce kwance a asibitin da muke zuwa. Daga nan ba wanda ya sake dariya.

Washegari Inna Kamala ta sake hawa dutsen da gwiwar nan tata don ta mayar da zaren mutane, tunda ita ta kawo baƙuwar. Na bi ta. Ban taɓa zare ba, ba addinina ba ne, ita ma ba ta ce in taɓa ba. Gorar ruwa na riƙe mata, takalmina kuma na bar shi a ƙasa tare da na kowa. Ranar aiki na ga matashiyar nan a barandar asibiti. Benci ɗaya ne babu kowa a kai sai ita. Na zauna a ƙarshensa da carbina. Da aka fito da Malam ita ta fara taɓa mini kafaɗa.

Aikin ya yi kyau. Mun dawo Gwarzo, ya ga damina, ya ga an yanke dawa, ya ba da labarin nan ga duk wanda ya zo duba shi, kullum birin yana ƙara girma. Bayan kaka Allah ya karɓi abinsa. Ba zare ne ya riƙe shi ba, ba kuma reza ce ta sake shi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Wadda ke nufin mijinki da sharri ba za ta hau dutse da ciwon gwiwa ba, ta kuma ɗauke ki ki zama shaida. Da na yi tambaya ɗaya tak kafin mu fita daga gida, da ban kunyata kaina a gaban mutanen da ko sunana ba su sani ba. Sai dai kuma da Malam bai samu abin da zai yi ta yi wa dariya a watanninsa na ƙarshe ba. Idan kunyar ta taso mini, da wannan nake lallashin kaina.